Zaɓen Wuƙar Shiga Daji: Wacce Ce Ta Fi Dacewa?

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya yi niyyar shiga daji, ko mafarauci ne, ko makiyayi, ko ɗalibin da aka tura binciken tsirrai, ko mai yawon buɗe ido, akwai wasu 'yan kayayyaki da ya kamata ya tanada tun yana gida. Daga cikin kayan nan babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar wuƙa. Mutum zai sayi takalmi mai tsada da jaka mai kyau, amma idan aka zo kan wuƙa sai ya ɗauki duk wadda hannunsa ya kai gare ta, ko kuma ya sayi wadda ta fi kowacce girma da ban tsoro a teburin mai sayarwa.

A watan Afrilun shekarar 2003, wani matashi Ba'amurke mai suna Aron Ralston ya shiga wani kwazazzabo da ake kira Bluejohn a jihar Utah shi kaɗai, bai kuma gaya wa kowa inda ya nufa ba. Wani ƙaton dutse ya gangaro ya danne masa hannun dama. Wuƙar da ke tare da shi ita ce 'yar ƙaramar nan mai naɗewa da ke jikin filaya, mai arha ce ƙwarai. Ya yi ta saran dutsen da ita ko zai samu ya zare hannunsa. Dutse bai motsa ba, wuƙa kuwa ta dakushe. Bayan kwana 5, da ya ga babu makawa, sai ya karya ƙasusuwan hannun, ya yanke shi da wannan dakusasshiyar wuƙa, aikin da ya ɗauke shi kusan awa guda. Ya tsira da ransa, kuma labarinsa ne aka mayar fim mai suna 127 Hours a shekarar 2010.

Ba kowa ne zai gamu da irin wannan masifa ba. Amma ɓatan hanya, ko lalacewar mota nesa da gari, ko ruwan sama da zai tsare mutum ya kwana a inda bai shirya ba, duk abubuwa ne da kan faru. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu abubuwan da ake dubawa kafin a zaɓi wuƙar daji, da dalilin da ya sa masana harkar suka fi amincewa da wuƙa matsakaiciya, mara ado, wadda mai ita ya iya wasawa.

Aikin Wuƙa a Daji

Kafin a tambayi wace wuƙa ce ta fi, sai a fara tambayar wane aiki za ta yi. Mutumin da dare ya yi masa a daji yana bukatar wuta da wurin fakewa da ruwa, sannan abinci. A kowanne ɗaya daga cikinsu wuƙa tana da rawar takawa. Da ita ake feƙe turaku, a yanko rassa da ganyen da za a kafa 'yar bukka. Da ita ake ɓare ɓawon kalgo ko na kuka a tufka igiya. Da ita ake tsaga ice a kai ga busasshen cikinsa idan ruwa ya jiƙa bayansa, a kuma kankare shi siriri-siriri don wuta ta kama da sauri. Da ita ake yanka gora a sami abin ɗiban ruwa, a haɗa tarko, a gyara kifi, a feɗe dabba, a yanka tsumma don ɗaure rauni.

Idan mai karatu ya lura, mafi yawan ayyukan nan na sassaƙa ne da yanka a tsanake. Babu faɗa da zaki a cikinsu. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda aka laƙaba wa suna Otzi. Bincike ya nuna ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. A cikin kayansa akwai gatarin tagulla, da kayan kunna wuta, da wata 'yar wuƙar dutse wadda tsawonta duka, har da ƙota, bai wuce kimanin santimita 13 ba. Yana kuma ɗauke da ɗan abin da yake gyara bakinta da shi. Ke nan tun a wancan zamani matafiyi ya san cewa sara aikin gatari ne, wuƙa kuwa kaifi ake nema gare ta.

Sassan Wuƙa

Domin bayanin da zai biyo baya ya fito sarai, ga sunayen sassan da za mu riƙa ambata. Ruwa shi ne ƙarfen wuƙar da ke waje. Baki shi ne gefen da ke da kaifi, baya kuwa ɗaya gefen mara kaifi. Tsini shi ne ƙarshen ruwan. Ƙota ita ce wurin da ake riƙewa. Kube shi ne gidan da ake mayar da wuƙa. Akwai kuma wani sashe da ido ba ya cika gani, wato ragowar ƙarfen da ya shige cikin ƙota. A wannan maƙala za mu kira shi wutsiya.

Mai Naɗewa ko Mara Naɗewa

Wuƙa mai naɗewa tana da daɗin ɗauka, domin tana shiga aljihu. Akwai sanannu a cikinsu, kamar Opinel da aka fara ƙerawa a Faransa a 1890, da wuƙar sojan Siwizalan ta kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884. Suna da amfani wajen fere, da yanka igiya, da buɗe gwangwani. Sai dai duk wuƙa mai naɗewa tana da gaɓa, gaɓar nan kuwa ɗan ƙusa guda ne ke riƙe da ita. Idan aka matsa mata da aiki mai nauyi, nan ne wurin da za ta fara sakewa ko karyewa. Wadda ba ta da makulli kuma tana iya rufewa a kan yatsun mai aiki da ita. Ban da haka, jini da ƙasa da yashi suna maƙalewa a cikin gaɓar, wankewa ta yi wuya.

Wuƙa mara naɗewa ba ta da waɗannan matsaloli. Ƙarfe ne guda da ƙota, babu abin da ke motsi a jikinta. Ana zaro ta da hannu ɗaya, abin da ke da muhimmanci ga wanda ya ji rauni a ɗaya hannun. Saboda haka idan wuƙa ɗaya tak mutum zai ɗauka, mara naɗewa ce ta dace. Mai naɗewa sai ta zama mataimakiya a aljihu.

Wutsiya

Ƙarfin wuƙa yana ga wutsiyarta. A wasu wuƙaƙe wutsiyar tana tafiya har ƙarshen ƙota, faɗinta daidai da na ƙotar, sai a manna ice ko roba a gefe biyu a ɗaure da ƙusoshi. Idan ka duba ƙotar ta sama ko ta ƙasa za ka ga layin ƙarfe ya ratsa ta. Wannan ita ce mafi ƙarfi, kuma ko ƙotar ta fashe ana iya naɗa tsumma ko igiya a ci gaba da aiki. A wasu kuma wutsiyar siririya ce, tana ɓoye a cikin ƙota. Idan ta kai ƙarshe ko ta yi kusa da ƙarshe, ita ma tana aiki sosai. Yawancin wuƙaƙen gargajiya na duniya haka suke. Wadda za a guje wa ita ce mai guntuwar wutsiya, wadda aka ɗan cusa a bakin ƙota aka liƙe da gam.

Wannan ne aibin wuƙaƙen da suka cika kasuwa bayan fitowar fim ɗin First Blood a 1982, inda jarumin, Rambo, ya riƙe wata ƙatuwar wuƙa mai haƙoran zarto a baya da rami a cikin ƙota. Ta asalin wani gwanin maƙeri ne na Amurka mai suna Jimmy Lile ya ƙera ta. Amma masu kwaikwayo sun yi ta fitar da masu arha, suna zuba ashana da ƙugiya da allura a cikin ƙotar don jawo masu saye. Tun da ƙotar rami ce, babu wurin da wutsiya za ta shiga, sai ɗan noti ke haɗa ruwa da ƙota. Sara kaɗan ya isa ya raba su. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a daji kuwa abin ya wuce batun ado.

Tsawo da Kauri

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin ido yana son babba. Mors Kochanski, wani malamin zaman daji ɗan ƙasar Kanada da ya rasu a 2019, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wannan fanni a lardin Alberta. Shawararsa ita ce tsawon ruwan wuƙa ya yi daidai da faɗin tafin hannun mai ita, wato wajen santimita 10. Tun kafin shi, Horace Kephart na Amurka, wanda littafinsa kan zaman daji ya fito a 1906, ya zaɓi wuƙa mai ruwa tsakanin inci 4 zuwa 5. Wuƙar gargajiya ta mutanen Finlan, wadda suke kira puukko, ita ma tsawon ruwanta bai cika wuce faɗin tafin hannu ba.

Dalilin a fili yake. Gwargwadon nisan tsini daga hannu, gwargwadon wuyar sarrafa shi. Doguwar wuƙa tana gajiyar da wuyan hannu, tana da nauyi a ƙugu, kuma ba ta da daɗin aikin da ke bukatar natsuwa. Wuƙar Ka-Bar, wadda sojojin ruwan Amurka suka fara amfani da ita a 1942, ruwanta inci 7 ne, kusan santimita 18, domin an yi ta ne har da nufin yaƙi. Wanda zai kankare ice ya hura wuta ba ya bukatar wannan tsawo. Ruwa mai santimita 9 zuwa 13 ya wadatar.

Game da kauri, milimita 2.5 zuwa 4 shi ne madaidaici. Wadda ba ta kai haka ba tana iya lanƙwashewa idan ana tsaga ice da ita. Wadda ta zarce haka kuma takan zama kamar gizago, tana fasa abu maimakon ta yanka shi. Misali, wuƙar Garberg da kamfanin Morakniv na Suwidin ya fitar a 2016 tana da ruwa mai kusan santimita 11, da kaurin milimita 3.2, da wutsiya har ƙarshen ƙota. Ba lallai ne mai karatu ya nemi wannan wuƙa ba, amma awonta ya isa abin kwatance.

Irin Ƙarfe

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne manya. Na farko shi ne baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, irin wanda maƙeranmu suka saba aiki da shi. Wani sananne a cikinsa shi ne mai lamba 1095, wanda kabon ɗin da ke cikinsa ya kusa kashi 1 cikin 100. Yana ɗaukar kaifi sosai, yana da sauƙin wasawa ko da a kan dutsen rafi ne. Aibinsa tsatsa. Idan aka bar shi da danshi, kafin gari ya waye ya fara ja.

Na biyu shi ne ƙarfe mai jure tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Abin da ke kare shi shi ne sinadarin kuromiyam, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Ya dace da wurare masu yawan ruwa da bakin teku. Sai dai a sani, irin wannan ƙarfe hawa-hawa ne. Na cokali da na wuƙar tebur mai arha suna ƙyalli, amma ba sa riƙe kaifi. Na kamfanonin kirki kuwa yana yanka kamar baƙin ƙarfe, ko da yake wasu nau'o'insa suna da wuyar wasawa.

Abin da ya fi sunan ƙarfe muhimmanci shi ne yadda aka hore shi da wuta. Maƙeri yakan gasa ruwan wuƙa har ya yi ja, ya tsoma shi cikin mai ko ruwa don ya taurare, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan don ya rage masa gautsi. Idan taurin ya yi yawa, baki zai riƙa ɓantarewa. Idan ya yi kaɗan, baki zai riƙa lanƙwashewa ya dakushe nan da nan. Ana auna tauri da ma'aunin Rockwell, kuma yawancin wuƙaƙen daji masu kyau suna tsakanin 56 zuwa 60 a wannan ma'auni.

Baki da Tsini da Baya

A zaɓi wuƙa mai baki ɗaya. Mai baki biyu, irin wuƙar damtse, makami ce. Ba ta da bayan da za a ɗora babban yatsa a kai lokacin sassaƙa, ba ta kuma da wurin da za a buga da kulki idan ana tsaga ice. Bakin ya kasance sumul, babu haƙora. Baki mai haƙora yana yanka igiya da sauri, amma ba ya sassaƙa da kyau, wasa shi kuma sai da magagari na musamman.

Wuƙaƙen Suwidin da Finlan suna da wata siffa da ta sa sababbin shiga ke son su. Gangaren bakinsu guda ɗaya ne mai faɗi, saboda haka wajen wasawa sai kawai a kwantar da gangaren a kan dutse, shi da kansa zai nuna wa hannu yadda za a karkata. Irin wannan baki yana cin ice ƙwarai.

Tsini ya kasance mai ƙarfi, kuma ya faɗo kusa da tsakiyar ruwan, domin a iya huda rami da shi, a kuma feɗe dabba ba tare da an fasa tumbi ba. Siririn tsini mai kama da allura shi ne ke fara karyewa.

Baya kuwa ya zama miƙaƙƙe mai kusurwa, ba wanda aka goge ya yi santsi ba. Amfaninsa yana ga kunna wuta. Kakanninmu suna da ƙyastu da ƙanƙara, inda ake buga ƙarfe a kan dutse, tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi. Bayan wuƙar baƙin ƙarfe mai tauri yana iya maye gurbin ƙyastu, amma ƙarfe mai jure tsatsa ba ya ba da wuta ta wannan hanya. A yau akwai sandar ƙyastu ta zamani, wadda aka yi da wani haɗin ƙarafa da Carl Auer von Welsbach na Ostiriya ya ƙirƙiro a 1903. Ita kowace wuƙa mai kusurwa a baya tana kankarar ta, tartsatsinta kuma yana fita ko da ta jiƙe, lokacin da ashana ta riga ta mutu.

Ƙota da Kube

Wuƙar da ba ta zauna a hannu daidai ba, komai kyan ƙarfenta, wahala ce. Ƙota ta cika tafin hannu, tsawonta ya ɗan zarce faɗinsa. Siffar ƙwai ta fi zagayayya, domin zagayayyar ƙota tana juyawa a hannu, kuma a cikin duhu mutum ba zai san inda baki ya fuskanta ba. A guji ƙota mai guraben yatsu masu zurfi, saboda riƙo ɗaya kawai take yarda da shi, ga shi kuwa aikin daji yana bukatar a riƙa sauya riƙo. A guji ƙotar ƙarfe zalla: tana santsi da gumi, tana zafi a rana, tana sanyi da hunturu. Ice mai tauri, ko roba mai ɗan kaushi, sun fi. Ƙotar ice tana iya tsagewa idan iskar hunturu ta busar da ita, don haka a riƙa shafa mata mai.

Kube rabin wuƙa ne. Wuƙar da ta faɗi a cikin ciyawa ba a sani ba, daidai take da wadda aka bari a gida. Kube mai kyau yana riƙe wuƙa ko an kifa shi, tsini ba ya huda ƙasansa, kuma yana da wurin zura ɗamara. Kuben fata yana da kyau da ƙarko, amma yana shan ruwa ya riƙe danshi, wanda ke jawo tsatsa. Na roba mai tauri ba ya shan ruwa, ana kuma wanke shi.

Daji, Suna Ya Tara

Babu wuƙa guda da ta dace da kowane wuri. A ƙasashen sanyi na arewacin Turai mutane suna haɗa ƙaramar wuƙa da gatari. George Washington Sears, wani marubucin Amurka da aka fi sani da Nessmuk, ya bayyana a littafinsa na 1884 cewa abu uku yake ɗauka: ƙaramin gatari, da wuƙar ɗamara, da mai naɗewa. A ƙasashe masu kurmi kuwa doguwar wuƙar sara ce sarauniya, kamar parang a Malesiya da kukri a Nefal. A nan Nijeriya adda ce ke wannan matsayi.

Wanda zai shiga kurmin Kuros Riba, inda sarƙaƙiya ke tare hanya, ruwa kuma ba ya ɗaukewa na dogon lokaci, adda ce babbar abokiyarsa, sai ya haɗa da ƙaramar wuƙa mai jure tsatsa. Wanda zai bi dajin arewa mai ƙaya da busassun itatuwa masu tauri, ƙaramin gatari da wuƙar baƙin ƙarfe sun fi yi masa amfani, tun da tsatsa ba ta cika damu da rani ba. Gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Nijeriya, ya haɗa duka: akwai kurmi a kwaruruka, akwai filin ciyawa, akwai kuma tsaunin Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, inda sanyin dare ke sa wuta ta zama dole. A irin wannan wuri adda da ƙaramar wuƙa tare ake ɗaukar su. Ƙatuwar wuƙa guda da ake cewa za ta yi aikin adda da na aska a lokaci ɗaya, yawanci ba ta yin ko ɗaya da kyau.

Wuƙar Maƙeri da Gwaji Kafin Saye

Ba sai an yi odar wuƙa daga waje ba. Maƙera da yawa a ƙasar nan suna ƙera wuƙa da tsohon sifirin na mota, kamar yadda maƙeran Nefal ke yin kukri da shi. Ƙarfe ne mai juriya, ba ya saurin karyewa. Amfanin zuwa maƙera shi ne mutum zai faɗi tsawo da kaurin da yake so, ya kuma roƙi a bar wutsiya ta kai ƙarshen ƙota.

Ko a maƙera ko a kanti, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga abubuwan da mai saye zai yi:

1. Ya riƙe wuƙar ya matse, ya juya riƙo ta kowace fuska. Duk inda ya ji tana cizon hannu a minti ɗaya, nan ne zai yi kanta bayan awa ɗaya.

2. Ya girgiza ta, ya ɗan murɗa ruwan. Idan akwai motsi tsakanin ruwa da ƙota, ya ajiye ta.

3. Ya hango ta daga ƙota zuwa tsini ya ga ko ta miƙe, ya kuma duba ko akwai tsaga a ƙarfen.

4. Idan mai ita ya yarda, ya ɗan goga magagari a bakin. Idan magagarin ya zame ko ya kama kaɗan, ƙarfen ya horu. Idan ya ci shi kamar sabulu, ƙarfen ya yi laushi.

5. Ya kankare busasshen ice da ita na ɗan lokaci, sa'an nan ya yanka takarda. Wuƙar kirki za ta ci gaba da yanka.

6. Ya mayar da ita kube ya kifa, ya ga ko za ta faɗo.

Wasawa da Kulawa

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, idan kuwa ta zame da wannan ƙarfin za ta faɗa wa jiki. Saboda haka ɗan ƙaramin dutsen wasawa ya kasance cikin jaka kullum. A jiƙa dutsen, a karkata ruwan wuƙar kaɗan, a riƙa turawa daga gindi zuwa tsini ba tare da sauya karkatar ba, har sai an ji ɗan kaushi ya fito a ɗaya gefen. Sai a juya a yi haka. Daga ƙarshe a goga bakin a kan ɗamarar fata, ana jan wuƙar ta baya, kamar yadda wanzami ke yi wa aska. Bayan kowane aiki a wanke ta, a tsane ta sarai kafin a mayar kube. Idan baƙin ƙarfe ce a shafa mata man kaɗe ko man gyaɗa, ba baƙin mai ba, tun da za ta taɓa abinci.

Abubuwan da Ba a Yi da Wuƙa

Ba a haƙa rami da ita, a feƙe sanda a haƙa da sandar. Ba a sarar dutse da ita, ba a ɓanɓare abu da tsininta, ba a jifa da ita, ba a sa ta cikin wuta, domin zafi yana kashe taurin ƙarfe. Ba a sassaƙa a tsakanin cinyoyi, saboda babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya, idan ta yanke mutum na iya mutuwa cikin 'yan mintoci. A ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, a riƙa yanka ana nesanta baki daga jiki. Kafin tafiya kuma yana da kyau a tabbatar an yi allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai sa haƙora su sarƙe, wadda ƙwayarta ke zaune a cikin ƙasa tana shiga ta rauni.

Wani abu mai muhimmanci shi ne saran maciji. Mutane da yawa sun ɗauka a tsaga wurin da wuƙa a tsotse dafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana wannan. Tsagawa ba ta fitar da dafi, sai dai ta ƙara rauni. Dafin kububuwa ma hana jini daskarewa yake yi, don haka tsaga ɗaya tana iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa. Abin yi shi ne a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai mutum asibitin da ke da maganin dafi, irin asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe.

A ƙarshe akwai batun doka. Wuƙar daji kayan aiki ce, wurinta daji. Ba a yawo da ita a ƙugu a cikin gari, ba a ajiye ta a ɗakin kwanan ɗalibai inda dokar makaranta ta hana, ba a kuma shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. Wanda zai shiga gandun daji ya fara tambayar ma'aikatan wurin abin da aka yarda a shiga da shi, ya kuma tafi da ɗan jagora. Wuƙa ba ta kare mutum daga 'yan bindiga, don haka dajin da aka san babu tsaro a cikinsa, kauce masa shi ne dabara.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a iya taƙaita siffar wuƙar daji kamar haka: mara naɗewa, mai baki ɗaya sumul, ruwanta kimanin faɗin tafin hannu, wutsiyarta ta kai ƙarshen ƙota, ƙarfenta ya horu kuma ya dace da yanayin wurin da za a je, ƙotarta ta zauna a hannu, kubenta ya riƙe ta gam. Inda akwai sara mai yawa, a haɗa ta da adda ko gatari. Bayan an saya, kada a ajiye ta sai ranar tafiya. A feƙe turaku da ita a gida, a tsaga ice, a gwada kunna wuta ba da ashana ba, a dakusar da ita a sake wasawa, har hannu ya saba. Ranar tafiya kuma, kafin a rataya jaka, a gaya wa wani inda aka nufa da ranar da ake sa ran dawowa.